Mai Kamfani a Takarda

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yau wasiƙa ta zo da sunana. Shekara tara ina buɗe wasiƙun kamfanin nan, in buga musu hatimi, in jera su a fayil, ko katin gaisuwa ba a taɓa aiko min ba sai yau. Daga ofishin rajistar kamfanoni take. A ƙarƙashin sunana an rubuta "babbar mai hannun jari". A tsaye na karanta, farantin shayin Maigida, baƙon da nake yi wa sakatariya, a ɗaya hannun.

Tsohuwar doka dai kowa ya san ta: baƙo ba zai mallaki fiye da kaso arba'in da tara na kamfani ba. Sabon abin shi ne, duk ɗan ƙasar da sunansa ke kan hannun jari zai je da ƙafarsa ya faɗi inda ya samo kuɗin da ya saya, a gani ko nasa ne da gaske ko sunansa kawai ya ba da aro. A takarda ni ke da kaso arba'in da shida na wannan masana'antar robobi, Baba yana da biyar, Maigida yana da sauran. A zahiri kuwa ko bokiti ɗaya zan fita da shi sai na nuna wa maigadi rasit.

Na kai wa Maigida wasiƙar. Mutumin da ya shekara ashirin a ƙasar nan amma a yarenmu bai riƙe komai ba sai "kawo" da "maza" da "gobe". Na fassara masa. Ya ɗaga gilashinsa ya ce in kira Lauya, sannan ya ce shayin ya huce. Shi shayi ne damuwarsa. Na koma na sake dafa wani.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Wasiƙun biyu ne. Ta Baba tana cikin jakata, kuma a nan za ta zauna.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Lauya ya zo da turarensa da ke riga shi shiga ɗaki. A kamfani ba mai kiransa da wani suna sai Ba Komai, don ko gini ne zai faɗo maka a ka abin da zai ce ke nan. Ya ja kujera ya zauna a gaban teburina, abin da bai taɓa yi ba.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba komai. Tambaya uku za su yi miki, ki ba su amsa uku, ki dawo ki ci abincin rana."

Na ce, "Barista, shekara tara da suka wuce ma haka ka ce min. Ka ce takarda ce kawai, ba wanda zai taɓa buɗe ta."

"To an buɗe ta ne a shekara taran? Ai kin ga ban yi miki ƙarya ba."

Ya miƙo min shafi guda, wai in haddace. Labarin yadda na samu kuɗi ne. A ciki an ce mahaifiyata ta rasu ta bar min filaye uku a bakin titi, na sayar na zuba a kamfani. Innata, Allah ya jiƙanta, abin da ta bari keken ɗinki ne da tukwane huɗu, ɗaya ma ba murfi. Yau Lauya ya ba ta filaye uku, tana kabari. Raina ya ɓaci, na ce a cire sunanta daga wannan zance. Ya ce ai mamaci shi ne shaidar da ta fi kowace sauƙi, don ba a kiransa.

Ban mare shi ba. Ina so a rubuta wannan a wani wuri: ban mare shi ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Rigima a gida kan robar wanki. Matar Yaya ta sayo sabuwa a kasuwa. Baba ba ya gani sosai tunda yanar ido ta kama shi, amma hannun kafinta bai tsufa ba. Ya juya robar, ya shafa gindinta da babban yatsa, ya ji tambarin ba namu ba ne.

"Yanzu muna da kamfani a gidan nan, ki ɗauki ciniki ki kai wa wasu? Kaso biyar ɗina wasa ne?"

Ta ce, "Baba, taku ɗin fa wata uku take fashewa."

"To sai ki faɗa wa Auta, ta faɗa a taron masu kamfani, a gyara. Ba a gudun abin gida."

Taron masu kamfani. Ni ce Autar, na yi dariya tare da su, daga baya na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Da na fito ya kira ni kamar kowace Asabar, na karanta masa takardar wuta da ta maganinsa. Ya tambaya ko akwai wata wasiƙa. Na ce babu.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Wannan kam sai na rubuta, in ba haka ba zuciyata za ta fashe.

Jibi ne zan je ofishin rajista. Na shiga na tuna wa Maigida, sai ya nuna min tiren takardu ya ce, "Fom." Wato fom ɗin neman izinin fita, wanda duk ma'aikaci yake cikewa in zai bar aiki kafin a tashi. Na ce masa ai aikinsa zan je yi, wuyansa zan je fitarwa. Ya ce doka doka ce, in ya ɗaga wa mutum ɗaya kowa zai nema. Shi ne yau yake gaya min doka doka ce!

To na cike. A wurin dalili na rubuta da manyan baƙaƙe: "Zuwa ofishin rajista don amsa tambayoyi a matsayina na mai kamfani." Na rubuta ne don ya ji kunya, na manta ba ya karanta yarenmu. Ya sa hannu, ya ja layi a akwatin da ke cewa a cire albashin rabin yini, ya miƙo min ko kallona bai yi ba. Kwafi uku kamar kullum: ɗaya na akanta, ɗaya na maigadi, ɗaya na fayil.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je na dawo.

Dogon benci ne a baranda, mu kusan ashirin, duk masu kamfanoni. Na kusa da ni kwat ɗinsa ta rufe masa yatsu, yana ta motsa baki yana tilawar wani abu. Da aka kira shi sai ga makullin mota da tsumman goge gilashi sun faɗo daga aljihunsa. Wata kuma tana tambayata a hankali wai "jari" da "riba" wanne ne ake zubawa, wanne ake ɗiba. Ba wanda ya kalli idon wani.

Abin da ya fi ƙona min rai, wannan ofishin ne fa ya buga wa takardunmu hatimi shekara tara da suka wuce. A lokacin ba wanda ya ce, ya aka yi yarinyar da ta yi wata uku da fara aikin sakatariya ta mallaki rabin masana'anta? Sun karɓi kuɗin rajista, sun ce a sauka lafiya. Yau sun farka, kuma ba su farka a kan mai gilashi da mai turare ba, sai a kan direba da sakatariya.

Jami'ar da ta gan ni mace ce, sa'ata, ba fara'a ba kuma wulaƙanci. Da jan biro take rubutu. Ta tambaye ni inji nawa ne a kamfanin. Na ce shida, na huɗu yana ɗumama in ya wuce awa biyar. Ma'aikata nawa? Talatin da takwas. Daga ina ake sayo ɗanyen roba, nawa ake sarrafawa a wata? Na zuba mata tiryan-tiryan. Wallahi a wannan lokacin har wani daɗi na ji, don Maigida kansa ba zai amsa rabin wannan ba sai ya danna min ƙararrawa.

Sai ta ce, "Filayen mahaifiyarki, a wace unguwa suke?"

Na faɗa. Ta rubuta.

"Ɗayan mai hannun jarin bai zo ba."

"Mahaifina ne. Ba shi da lafiya."

"Allah ya ba shi lafiya. Ranar Talata za mu zo mu ga kamfanin naki."

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na yi mafarkin Inna tana auna fili da tef ɗin ɗinki. Ban karya ba na fito.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau an yi wasan kwaikwayo. Lauya ya tara ma'aikata a bakin sito, ya ce daga yau har Talata ba sauran "Sakatariya", sai "ranki ya daɗe". Maigida kuma sunansa ya koma mai ba da shawara kan injina. Aka sa na shiga ta ƙofar gaba sau uku ana gaishe ni. Maigadi ya ƙame har hularsa ta faɗi. Mata masu goge bakin bokiti suna ta ƙunshe dariya. An manna allo mai sunana a ƙofar ofishin Maigida, da gam, yadda zai yi sauƙin cirewa.

Bayan an watse Mai Inji ya tsaya. Shi ne babba a ɗakin injina, ya girme ni nesa ba kusa ba, 'ya'yansa bakwai. Yana goge hannu da tsumma ya ce, "'Yar uwa, mu ba mu san me ke cikin takardunku ba, ba ma son mu sani. Amma mutum talatin da takwas ne ke cin abinci a nan. Ki riƙe mana."

Na ce, "Ni kuma wa zai riƙe min?"

Ya juya ya koma ɗakin injina. Ba laifinsa ba ne, na sani. Amma ya aka yi duk kayan ya taru a kaina, alhali ko makullin sito ba a taɓa ba ni ba?

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Lauya ya wuni yana kwashe takardu. Littafin sa hannu na bakin ƙofa, inda nake rubuta lokacin zuwana kowace safiya, ya tafi but ɗin motarsa. Takardar albashi ta tafi. Wasiƙar gargaɗin da aka ba ni shekara biyu da suka wuce don na makara, ita ma. Ya tsaya yana kallon kabad ɗina ya ce bai taɓa ganin fayil mai tsari irin nawa ba, duk abin da ya nema yana inda ya kamata. Na ji haushin kaina da na ji daɗin yabon.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara wa kaina labarin ba.

Jami'ar ta zo ƙarfe goma ita da wani mai ɗaukar mata jaka. Maigadi ya ƙame, ya ce ranki ya daɗe tana ciki. Na tarbe ta a kujerar Maigida, wadda ta yi min faɗi har ƙafata ba ta taɓa ƙasa sosai. Shi yana gefe a kujerar baƙi da rigar aiki sabuwa fil, ko layin ninki bai baje ba. Muka zagaya ɗakin injina, Mai Inji ya yi bayani, komai ya tafi daidai. Lauya har ya fara kaɗa makullin mota.

Da muka dawo ofis ta ce, "Saura abu ɗaya. Ina so in ga an karɓi wasiƙarmu an buga mata hatimi. A kawo min fayil ɗin wasiƙun wannan watan."

Ni na tashi na ɗauko da kaina, cikin daƙiƙa biyar, har da ɗan taƙama. Ta buɗe, ga wasiƙarsu da hatimin ranar uku ga wata. Ta ɗaga ta. A bayanta kuwa ga fom ɗin neman izini, don ni a tsarina duk takardar da ta shafi wata a bayanta take zama. Shekara tara haka nake yi, hannuna ne ya yi ba tare da ya shawarce ni ba.

Ta karanta a hankali, da murya, yadda kowa zai ji. "Zuwa ofishin rajista don amsa tambayoyi a matsayina na mai kamfani." Ta duba ƙasan fom ɗin. "Wannan sa hannun wane ne?"

Ana jin inji na biyu yana bugawa ta bango.

Ta dubi Maigida ta dube ni. "Wato kin nemi izini wurin mai ba ki shawara, ya amince, ya kuma yanke miki albashin rabin yini."

Lauya ya ce, "Ranki ya daɗe, ba komai ba ne, tsari ne na cikin gida don a nuna wa ma'aikata misali..."

"Barista, ban tambaye ka ba."

Ta cire fom ɗin, ta ba ni rasit a kansa, ta ce ranar Alhamis ta makon gobe, ashirin da bakwai ga wata, masu hannun jari 'yan ƙasa su biyun za su zo su yi rantsuwa a gaban hukuma cewa jarin nasu ne. Su biyun, ta maimaita. In tsoho ba zai iya hawa bene ba, za a sauko masa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

An cire allon ƙofa. Maigida ya koyi sabuwar kalma a yarenmu, ya kuma gwada ta a kaina a gaban akanta: "Wawiya."

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Wa ya ce in cike fom? Wa ya ja layi a akwatin? Rabin yini! Da ya bar min kuɗin rabin yini da yanzu yana shan shayinsa lafiya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Lauya ya ce fom ba hujja ba ce, zato ne kawai, rantsuwa kuma tana goge zato. In mun rantse mu biyu an rufe fayil. Na ce in daga baya aka gano fa? Ya ce to wannan kotu ce, amma wa zai gano?

Na ce Baba ba zai zo ba.

"Ƙanwata, ai tsohon nan shi ne ma ya fi ki sauƙi. Ke kin sani, shi bai sani ba. Har zuciyarsa ya yarda kaso biyar nasa ne, ladan wahalar 'yarsa. Zai ɗaga hannu ya rantse da gaskiyarsa, ko gezau. Ki kawo shi kawai, kada ki ce masa komai."

Na ce, "Wato in jawo ubana da hannuna, makaho, in tsayar da shi ya rantse da Allah a kan ƙarya."

"Ke kika kira ta ƙarya. Shi a wurinsa ba ƙarya ba ce."

Abin da ya fi ba ni tsoro, a motar haya ina dawowa na kama kaina ina juya maganar, ina cewa ai kuwa da ɗan gaskiyarsa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Baba yana jin rediyo a baranda aka yi maganar dokar. Wai an rufe kamfanoni goma sha ɗaya, an gurfanar da wasu. Ya ƙara murya, ya kira ni.

"Auta, kin ji? Mutum ya rasa abin sayarwa sai sunan da ubansa ya raɗa masa. Gara a kama su. Su ne suke ɓata wa irinmu suna, mu da muka shiga ta ƙofa."

Matar Yaya tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. Ban san me ta sani ba. Na ce wa Baba wanki na jira na.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban fita ba. Ciwon kai.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na shiga wurin Maigida ba tare da ya danna ƙararrawa ba. Na ce a cire sunan mahaifina kafin Alhamis, a mayar da biyar ɗin kaina, ni zan ɗauki komai. Ya ce canza suna yanzu daidai yake da amsa laifi. Sannan ya buga aljihun teburinsa da yatsa, ya ce in tuna, takardun da muka sa wa hannu suna nan, ba kwanan wata a kansu, duk ranar da ya ga dama zai cike ya karɓi abinsa. Wato jarin namu ne in za a je kotu, nasa ne in za a raba riba.

Da lokacin cin abinci ya yi na fita, ban cike fom ba. Na tafi ofishin rajista na jira mai jan biro a baranda. Na ce tambaya ce ba tawa ba, ta wata ƙawata ce. Ta ce to ki gaya wa ƙawar taki: wanda ya faɗi gaskiya kafin rantsuwa, tara ce da hana shi riƙe hannun jari shekara biyar, kamfanin kuma a ba shi wata uku ya nemo abokan jari na gaske ko a rufe. Wanda aka yaudara ya sa hannu bai sani ba, ba a kama shi da komai, in an nuna yadda aka yi. Wanda ya rantse kuwa aka gano, babba ko yaro, mai gani ko makaho, kotu ce.

Ban ce mata mahaifin ƙawata makaho ba ne. Ita ta faɗa.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mako uku ina zagin mutane a littafin nan. Lauya, Maigida, ofishin rajista, har Mai Inji da bai ci ba bai sha ba. Ban da shi duk sun cancanta, ban janye ko ɗaya ba.

Amma shafi uku ne aka ba ni in kai wa Baba ya sa hannu, shekara tara da suka wuce. Ya ce in karanta masa. Na karanta biyu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Da safe na ajiye makullin kabad a teburin Maigida, na gaya masa abin da zan faɗa gobe. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. A bakin ƙofa na gamu da Mai Inji, na ce masa akwai wata uku, wataƙila a samu masu jari na gaske. Ya dube ni ya ce, "Wataƙila," ya wuce ciki. Ko sallama bai yi min ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ina da kwafin shafi na ukun. Ni ce fa, ba na yar da takarda.

Na samu Baba a baranda yana gyara ƙafar kujerar matar Yaya, yana laluben ƙusa da yatsa. Na ce akwai takardar da zan karanta masa. Ya ajiye guduma ya gyara zama. Na karanta: cewa shi mai suna a sama ya amince hannun jarin nan ba nasa ba ne, riƙo yake yi wa wani, bai biya ko sisi ba, kuma zai mayar duk ranar da aka nema. Na ce ga sa hannunsa a ƙasa, kuma gobe ana nemanmu mu biyu a ofishin rajista.

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Wannan shafin, a ranar yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Kin gan shi?"

"Na gan shi. Wata uku ke nan da na samu aikin, suka ce sai an haɗa da dattijo, na ji tsoro kada a kore ni. Na san in na karanta maka ba za ka sa hannu ba."

"Ba zan sa ba."

"Na sani."

"Ambulan da ake kawo min duk ƙarshen shekara fa, da kike cewa riba ce?"

"Kuɗin aron suna ne."

Ya shafa gwiwarsa. "Da shi na yi wa Innarku sadaka sau tara. Na tsaya a gaban abokaina ina cewa gumin 'yata ne." Ni dai ina tsugune, hawaye na zuba, ina jira ya yi faɗa, ya zage ni, ya ce in bar masa gida. Da ya yi hakan da na ji sauƙi. Sai ya lalubo gudumarsa ya ce, "Ƙarfe nawa ne goben?"

Na ce goma. Ya ce a goge masa farar rigarsa, kuma matar Yaya ya gaya wa, ba ni ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ya ƙi a sauko masa. Ya dafa kafaɗata muka hau benen, matakala ashirin da biyu, ina ƙirga masa. Lauya yana baranda, ya taso da "Baba, ba komai", Baba ya ce, "Kauce min, yaro."

Ni na fara. Na faɗi komai, na kuma ce a goge filayen Inna daga fayil, keken ɗinki ta bari. Mai jan biro ta ja layi a kansu a gabana. Na sa hannu a kan tarar da ban san inda zan samo ta ba.

Sannan ta juya wurin Baba. Ta yi masa tambayoyi a hankali, da ladabi, wani yana bugawa a kwamfuta. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ko rawa ba ta yi. Har ta zo kan ta ƙarshe.

"Baba, tunda ba ka gani, wa ya karanta maka takardar kafin ka sa hannu?"

Ba zai yi ƙarya ba, ba kuma zai iya faɗa ba. Na ce, "Ni ce. Ki rubuta ni ce, kuma na tsallake shafi na uku da gangan."

Aka buga, aka fitar da takardar. Ta ce masa ba a kama shi da laifin komai ba, sunansa ya fita, saura ya sa hannu a bayaninsa.

"A ba 'yarka ta karanta maka tukuna?"

Na riga na miƙa hannu. Baba ya riƙe takardar da hannu biyu, ya juya fuskarsa wajen muryar matar, ya tura mata ita a kan tebur.

"A'a. Ke ki karanta min, 'yata. Duka."

Shafi biyu ne. Ta karanta masa har lambar da ke ƙasan shafi, ni kuma ina zaune a gefensa, hannuwana a cinya.